Kwari da Tudu a Kan Taswira: Jawabi ga Masu Neman Fili da Masu Raba Shi



 Maganar da na zo da ita ta shafi ƙasar nan da mu ke takawa ne, watau wuraren da ƙasa ta lotsa ta yi kwari, da kuma yadda masu aikin safiyo su ke nuna irin waɗannan wurare a kan taswira. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan karatun 'yan makaranta ne. Amma duk wanda ya taɓa kwana a tsaye yana kwarfe ruwa daga ɗakinsa a watan Agusta ya san magana ce ta magidanta.

Akwai wani abokin aikina da ya yi ritaya, ya karɓi kuɗin sallamarsa, ya sayi fili a bayan wani gari a cikin watan Maris. Filin shimfiɗaɗɗe ne, ƙasarsa baƙa, ta bushe har ta tsattsage, kuɗinsa kuwa bai kai na filayen da ke kusa da shi ba. Ya yi gini, ya tare da iyalinsa. Da damina ta kankama sai ruwa ya taru a tsakar gidan har gwiwa, ya ƙi tafiya, domin ba shi da inda za shi. Daga baya na raka shi ofishin tsara gari, aka buɗe mana taswirar wurin. Ga gidansa nan a tsakiyar wani ɗan zobe mai 'yan haƙora a ciki. An zana wannan zobe shekaru da yawa kafin ya sayi filin, ba wanda ya ɓoye masa shi, shi ne dai bai duba ba, kuma ko ya duba ba zai gane ba. Dalilin wannan jawabi ke nan: ina so kowa ya tashi daga nan ya san ma'anar wannan zobe.

Kwari iri biyu ne

Akwai kwari mai mafita, wanda korama ko kogi ke ratsawa. Ruwa ya shiga ta nan ya fice ta can. Akwai kuma rufaffen kwari, wanda ƙasa ta kewaye shi da tudu ta kowace fuska, kamar ƙwarya. Ruwan da ya shiga rufaffen kwari hanya uku kaɗai ya ke da ita: ko ƙasa ta shanye shi, ko rana ta ƙafar da shi, ko kuma ya cika kwarin fal ya tumbatsa ta gefen da ya fi sauran gajarta. A kan wannan na biyu zan fi tsayawa.

Abubuwan da ke haddasa rufaffen kwari suna da yawa. Na farko iska. A arewacin Jihar Yobe, wajen Yusufari, da kuma tsallaken iyaka a yankin Gure da Maine-Sorowa na Jamhuriyar Nijar, iska ta tara rairayi ya zama jigayi, a tsakaninsu kuma ta bar kwaruruka inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ke kusa. A nan a ke samun dabino da goruba da kanwa.

Na biyu dutse mai aman wuta. Idan ya gama amansa ya mutu, ya kan bar rami a bakinsa, ruwa ya taru a ciki. Tafkin Tila da ke kusa da Biu a Jihar Barno irinsa ne, haka nan tafkin Pidong a ƙasar Mangu ta Jihar Filato.

Na uku kogi. Idan kogi ya sauya hanya ya kan bar tsohuwar kwanarsa a yanke, ta zama tafki mai siffar lauje. Irin waɗannan suna da yawa a fadamun Kwara da Binuwai da Rima da Haɗeja.

Na huɗu narkewar farar ƙasa. Dutsen da a ke yin siminti da shi ruwan sama ya kan cinye shi sannu a hankali ta ƙarƙashi, har wata rana saman ya rufta. Na biyar kuwa motsin ƙasa ne, inda wani babban yanki ya kan nitse a hankali cikin dubban shekaru.

Ban da waɗannan akwai na hannun ɗan Adam: kududdufan da aka haƙa domin ƙasar gini a tsofaffin birane irin su Kano da Zariya da Katsina, da ramukan kuza da aka bari a tsaunukan Jos. Ruwa bai san bambanci tsakaninsu da na halitta ba, mai taswira ma alama ɗaya ya ke yi musu.

Babbar ƙwaryar Chadi

Rufaffen kwari mafi girma da ya shafe mu shi ne na Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan 2, ya haɗa da sassan Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da wasu ƙasashe. Ruwan saman da ya zuba a Sakkwato ko Kaduna ko Yola ƙarshensa teku ne, ta hanyar Kwara da Binuwai. Amma wanda ya zuba a Kano ko Haɗeja ko Gashuwa ba ya ganin teku har abada. Kogin Haɗeja da na Jama'are su kan haɗu su zama kogin Yobe, shi kuma ya nufi tafkin. Mafi yawan ruwan tafkin kuma daga kudu ya ke zuwa, ta kogin Shari da Logon.

Da ya ke tafkin ba shi da zurfi, ɗan ragin ruwa kaɗan kan janye bakinsa kilomitoci masu yawa. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 sai ya koma bai fi kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, ko da ya ke ya ɗan farfaɗo daga baya.

Abin mamaki shi ne tafkin ba shi ne gindin ƙwaryar ba. Fuskar ruwansa tana kan tsayin mita 280 ko kusa da haka bisa teku. Can arewa maso gabas da shi, a cikin ƙasar Chadi, akwai kwarin Bodele, wanda ya fi tafkin gangarawa da sama da mita 100. A zamanin da, wani babban tafki ne ya rufe wurin. Yanzu ya bushe, sai farar ƙura ta ragowar ƙananan halittun ruwa. Yawancin hazon da ke rufe mana sama da hunturu daga nan iska ke kwaso shi.

A lura, ba lalle ne kwari ya kasance ƙasa da teku ba, abin da a ke dubawa shi ne ya fi kewayensa gangarawa. Sai dai akwai wurare a duniya da su ka nitse har ƙasa da teku. Kwarin Kattara na Masar ya kai mita 133 ƙasa da teku, tafkin Asal na Jibuti mita 155, bakin Bahar Lut kuwa ya haura mita 430. A taswira a kan sa wa lambobin irin waɗannan wurare alamar ɗebewa.

Layin tsayi

To, takarda shimfiɗaɗɗiya ce, ƙasa kuwa tana da hawa da gangara. Yaya za a nuna hawa da gangara a kan takarda? Dabarar da masana su ka yi ita ce wani layi da Turawa ke kira kwantuwa. Ni a fassara na kan ce masa layin tsayi, domin layi ne da ke haɗa dukan wuraren da tsayinsu bisa teku ya ke daidai da juna.

Kowa a nan ya taɓa ganin layin tsayi da idonsa. Ku tuna tafkin garinku bayan damina. Kowane mako ruwa na ja da baya, yana barin shaida ta laka da ciyawa kewaye da bakinsa. Ruwa kwance ba ya karkata, saboda haka kowace shaida daidai ta ke a tsayi ko'ina ka bi ta. Da za ka hau sama ka duba ƙasa, sai ka ga zobba a cikin zobba. Abin da mai taswira ke zanawa ke nan. Hasali ma a kan ruwa aka fara wannan dabara, domin ɗaya daga cikin tsofaffin taswirorin da aka sani da irin wannan layi an yi ta ne a ƙasar Holan a 1584, don nuna zurfin wani kogi.

A kan auna tsayi ne daga fuskar teku. Kano tana kan wajen mita 480, Jos wajen mita 1,200, ƙololuwar Chappal Waddi a Jihar Taraba kuwa, wadda ta fi ko'ina tsayi a ƙasar nan, mita 2,419.

Ga ƙa'idodin karanta layin tsayi. Yawanci da launin ruwan ƙasa a ke zana shi, ruwa kuma da shuɗi. Tazarar tsayi tsakanin layi da layi ɗaya ce a dukan taswirar, a kan kuma rubuta ta a gefen takardar, saboda haka can za ka fara dubawa. Sau da yawa kowane layi na biyar a kan kaurara shi, a rubuta lambarsa. Inda layuka su ka matsu da juna, gangaren mai tsanani ne. Inda su ka yi nesa da juna, ƙasar ta kusa shimfiɗuwa. Layuka ba su gittawa juna. Inda kuma layi ya tsallaka korama, ya kan lanƙwashe ya yi tsini, tsinin yana duban inda ruwan ya fito.

Ƙwarya a kife da ƙwarya a buɗe

Yanzu ga inda matsalar ta ke. Ku ɗauki ƙwarya biyu masu girma ɗaya, ku kife ɗaya, ku bar ɗaya a buɗe. Ku zana wa kowace zobba uku da gawayi, ta kifen a baya, ta buɗen a ciki. In kun tsaya a kansu kun duba, dukansu zobe ne a cikin zobe. Ga shi kuwa ɗaya tudu ce, ɗaya rami.

Domin a raba su, masu taswira su ka yi ƙa'ida. Idan zoben na tudu ne, a kan bar shi sumul. Idan na rufaffen kwari ne, sai a yi masa 'yan gajerun layuka a jere ta ciki, kamar haƙoran mataji, kowane yana duban tsakiya. Waɗannan 'yan haƙora suna nuna inda ƙasa ta gangara ne, watau inda ruwa zai nufa.

Lambobi ma suna ba da shaida. A tudu, lamba ƙaruwa ta ke yi in ka nufi tsakiya. A kwari raguwa ta ke yi. Alal misali, a ce tazarar taswira mita 10 ce, sai ka ga zobe a tsakanin layin mita 400 da na mita 410. In zoben sumul ne, tsayinsa 410, ɗan tudu ne. In yana da haƙora, tsayinsa 400, domin ƙasar ta hau ta wuce 400 sa'an nan ta sake gangarowa. In akwai wani zoben mai haƙora a cikinsa, wannan 390 ke nan, gindin kwarin kuma yana ƙasa da 390, amma bai kai 380 ba. A wasu taswirori a kan ƙara da ɗigo a tsakiya tare da lambar tsayin wurin. In ruwa na kwanciya a ciki, za ka ga shuɗi ko alamar tsirin ciyawa, wadda ke nufin fadama.

Abin da taswira ba ta nunawa

Wajibi ne in yi muku gargaɗi, kada a ɗora wa taswira nauyin da ya fi ƙarfinta. Yawancin taswirorin safiyo na ƙasar nan an yi su ne a kan ma'aunin 1:50,000, watau santimita 2 a takarda daidai su ke da kilomita 1 a ƙasa. Fili mai ƙafa 100 da ƙafa 50 bai fi ɗigon fensir ba a irin wannan taswira. Tsofaffi daga cikinsu da ƙafa aka auna su, da yawa kuma tazararsu ƙafa 50 ce, wajen mita 15. Kwari mai zurfin mita 2 yana iya ɓacewa sarai tsakanin layi biyu, alhali kuwa mita 2 sun isa su cinye gida.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ruwan sama na milimita 50, wanda a kan samu a dare ɗaya cikin damina, in ya zuba a kan murabba'in kilomita 1, ya kama lita miliyan 50. A ce ƙasa ta shanye rabi, rabin ya gangara zuwa wani kwari mai faɗin hekta 2, wajen eka 5. Ruwan zai haura mita 1 a cikin kwarin, watau ya wuce ƙugun babban mutum. Idan kuma an rufe kewayen da kwano da siminti da kwalta, abin da ƙasa za ta shanye ba zai kai rabin ba.

Saboda haka mai neman filin gini ya nemi taswirar gari mai babban ma'auni, wadda tazararta ba ta wuce mita 1 ko 2 ba. Ya kuma duba shekarar da aka yi ta, domin hanyar mota ko ta jirgin ƙasa da aka ɗaga daga baya, in ba a yi mata isasshen kwalbati ba, tana iya mai da kwari mai mafita ya zama rufaffe. Yanzu aikin ya yi sauƙi. A watan Fabrairu na 2000 wani kumbon Amurka ya auna tsayin mafi yawan doron ƙasa daga sama, masu safiyo kuma suna da na'urorin da ke aiki da tauraron ɗan Adam. Amma duk da haka alamar ba ta sauya ba, zobe mai haƙora kwari ne.

Ƙasa ma tana magana

Kakanninmu ba su da takardar safiyo, amma sun san kwari. Ku dubi sunayen da su ka sa wa wurare: Tudun Wada, Jigawa, Fadama, Tafki, Kwari. In an ce maka filin yana unguwar da a ke kira Fadama, ai an riga an gaya maka rabin labari. Ka dubi ƙasar, in baƙar laka ce mai tsagewa da rani, ruwa na kwana a kanta. Ka dubi tsirrai, domin giyayya da gabaruwa da kacala ba su cika son busasshen wuri ba. Ka nemi ƙwanson katantanwa a ƙasa, da shaidar ruwa a gindin itatuwa da garun maƙwabta. Ka tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya tsaya a shekarar da aka yi ruwa mafi yawa da su ka sani. Matambayi ba ya ɓata. In kuma da hali, kada ka biya kuɗin fili sai ka gan shi a watan Agusta.

Mun ga abin da ruwa ke yi in ya tashi. A ambaliyar 2012 Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ce mutum 363 sun rasu, fiye da miliyan 2 sun bar gidajensu. A ta 2022 waɗanda su ka rasu sun haura 600. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Musabbabin kowace daban ne, amma a dukansu gangare ruwa ya bi, inda ƙasa ta lotsa kuma nan ya fi daɗewa a kwance bayan ya janye daga sauran wurare.

Kwari arziki ne ga wanda ya san shi

Kada wani ya ɗauka ina kushe kwari ne. A kwari a ke noman shinkafa da rake da kayan lambu. Can rijiya ba ta zurfi, can makiyayi ke samun ɗanyar ciyawa da rani. Manoman Barno suna dasa dawar masakwa a baƙar lakar da ruwa ya janye ya bari, su girbe ta ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Dausayin Haɗeja da Nguru yana ciyar da masunta da manoma da makiyaya masu ɗimbin yawa. A cikin gari kuma kududdufi masaukin ruwa ne. In aka cike shi da shara aka yi gini a kai, ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya nemi masauki a ɗakunan mutane. Abin da ya kamata shi ne a bar wa kwari aikinsa, a kuma kula da shi saboda sauro da tsargiya.

Kira

Ga mai sayen fili: takardar mallaka shaida ce cewa filin naka ne, ba ta ce ruwa ba zai shige shi ba. Ka je ofishin safiyo ko na tsara gari na jiharka, ka ce a nuna maka filin a kan taswira mai layin tsayi, ka tambayi ma'anar duk abin da ba ka gane ba.

Ga masu raba filaye: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, ta kuma bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da filayen karkara. Yana daga cikin riƙon wannan amana a keɓe kwaruruka kafin a yanka filoti, kada a sa makaranta ko asibiti ko kasuwa ko maƙabarta a cikinsu.

Ga iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni: ku ne ku ka san inda ruwa ke kwana. In baƙo ya zo neman fili, a gaya masa gaskiya.

Ga malaman makaranta: ku nemi ƙwarya biyu da gawayi, ku kai yara bakin tafki bayan damina. Yaron da ya ga haka sau ɗaya ba zai manta ba.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin ruwa.